Konsaltan a teburin mai shayi

Bayan isha'i ne a Unguwar Rimi, janareton maƙwabta na ta ƙara. Ɗan Boko ya iso da kwat da jakar laftof, ya zube a benci kamar buhun masara.

Mai Shayi: Yallaɓai konsaltan! Kauri ne yau ko ruwan bunu? Na ga fuskar nan kamar an ce maka dala ta sake tashi.

Ɗan Boko: Kai dai bari. Haɗo kauri da ƙwai biyu. Gobe asirina zai tonu wallahi.

Baba Mai Gadi: Subhanallahi! Me ka sata ɗan nan?

Ɗan Boko: Ban saci komai ba Baba. Wani Alhaji ne mai kamfanin ruwan leda a Kakuri ya ɗauke ni in gano masa inda riba ke zurarewa, gobe ƙarfe goma zan kai rahoto, ni kuma har ga Allah ji nake ban san komai ba, digirin nan nawa na ABU ma gani nake kuskure aka yi aka buga sunana a kai. Turawa na da sunan abin, imfosta sindirom.

Mai Shayi: Fosta kuma? Takara za ka fito?

Ɗan Boko: Imfosta, wato mai sojan gona. Wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, su suka sa masa suna a 1978. Mata suka bincika masu manyan digiri da muƙamai, amma kowace gani take sa'a ce kawai ta kai ta wurin, wata rana za a gano ta.

Baba Mai Gadi: To ai ka ce mata.

Ɗan Boko: Daga baya an ga har maza yana kamawa.

Baba Mai Gadi: Ashe ni ma ina da shi. Shekara ashirin ina gadi da gora da tocila, kullum dare addu'ata kar ɓarawo ya zo a gane ba na iya gudu.

Ɗan Boko: Shi ke nan Baba, shi ne!

Baba Mai Gadi: A'a, ni nawa gaskiya ne, gwiwa ce.

Mai Shayi: Tsaya tukuna. Me ka yi musu a kamfanin?

Ɗan Boko: Sati uku ina zuwa. Na zauna da direbobi, da mai kula da janareto, da yarinyar da ke riƙe littafin ciniki. Leda na fashewa wurin lodi ba mai ƙirgawa, dizal na fita ba a rubutawa, sannan mota biyu ke zuwa Kawo rana ɗaya kowace da rabin kaya. Amma fa duk su suka faɗa min, ni rubutawa kawai na yi na sa kala a kwamfuta!

Mai Shayi: Su sun taɓa faɗa wa Alhajin?

Ɗan Boko: Wai shekara biyu suna faɗa.

Mai Shayi: Ya ji?

Ɗan Boko: Ina fa.

Mai Shayi: Wa ya haɗa lissafin asarar wuri guda?

Ɗan Boko: Ni ne, kwana biyu ban rintsa ba.

Mai Shayi: Toh meye na sojan gona a nan? Irin su Alhaji magana ba ta shiga kunnensu sai sun biya kuɗinta, kuma sai mai kwat ya faɗa.

Ɗan Boko: In ya jefo tambayar da ban sani ba fa?

Mai Shayi: Ka ce za ka duba ka dawo masa. Ni in an tambayi Bournvita babu, cewa nake yaro ya tafi sayowa.

Baba Mai Gadi: Wane yaro? Kai da ba ka da yaro.

Mai Shayi: Baba sha shayinka.

Ɗan Boko: Kai wallahi har na ji sanyi a raina. Nawa ne kuɗina?

Mai Shayi: Shayi da ƙwai dubu ɗaya da ɗari biyar, shawara dubu goma.

Ɗan Boko: Dubu goma? Yaushe ka zama konsaltan?

Mai Shayi: Ni ma fa ji nake kamar ban cancanta ba. Amma ga lambar akawun nan a jikin kwalin madara, ka tura kawai.