Marsandin Baturen kuza da mayen ƙarfen Baba

Tun ina firamare a Unguwar Rogo nake fama da ciwon Marsandi mai ƙofa biyu, irin wadda ake kwaye mata rufi iska ta riƙa wasa da hular mutum. Shi ya sa ranar da wani dillali ya kira ni ya ce akwai 280SL ƙirar 1978 a wani gida a Rayfield, ko shayina ban ƙarasa ba. Ja ce wur, tana sheƙi kamar an lashe ta. Ya ce ta wani Bature ce mai haƙar kuza, ran Lahadi kaɗai yake fita da ita. To a Jos duk tsohuwar motar da aka sa a kasuwa ta Baturen kuza ce. Da za a ƙirga su, Turawan sun fi kuzar yawa.

Uwargida ta kalli hoton a waya ta ce, "Malam, mu bakwai ne a gidan nan, ita kuma kujera biyu gare ta. Sauran biyar a but za ka zuba mu?" Na ce mata ba a sayen irin wannan don kai yara Islamiyya. Ta ce to aƙalla in kai wanda ya san mota ya duba kafin in zubar da kuɗin filin da na sayar.

Dillalin ya ce kada in wahalar da kaina, yana da bakanike mai amana. Mai amanar ya zo, ya zagaya motar sau biyu, ya harbi taya da ƙafa, ya ce, "Alhaji, wannan ko Makka za ta kai ka." Minti biyar aka yi. Zuciyata ta yi fari ƙal, har sai da muka zo fita na ji ya ce wa dillalin, "Yaya, Inna ta ce ka biyo da maganinta."

Na biyu a Facebook na samo shi, wani matashi mai jakar kwamfuta da farin tabarau. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari yana laluben ramin da zai soka na'urarsa, rabin awa ƙafafunsa kaɗai nake gani. Shi wannan rami sai a 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, motar ta girme shi da shekara 18. Mai ma ba kwamfuta ke raba mata shi ba, tsarin K-Jetronic ne na Bosch, ƙarfe da matsin mai ke aikin. Da ya fito yana karkaɗe riga sai ya ce, "Oga, na'ura ba ta nuna matsala ko ɗaya ba." Bai yi ƙarya ba. Ya karɓi naira dubu 20 ya tafi.

Wani maƙwabcina ne ya ji tausayina ya tura ni Farin Gada wajen wani dattijo da ke gyaran Marsandi tun zamanin Gowon. Baba bai ko ɗago kai daga injin da yake kwancewa ba ya kafa min sharuɗɗa: kuɗinsa a hannu ko na saya ko ban saya ba, kada dillali ya san ranar zuwanmu, kuma da an sallame asuba za mu tafi. Na ce, "Baba, a sanyin Disamban nan?" Ya ce, "Yaro, mota da sanyin safiya ba ta iya ƙarya. Duk ranar da ka je an riga an ɗumama maka ita."

Muka iske maigadi a ƙudundune cikin bargo. Baba ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya tabbatar sanyi ƙalau, sannan ya ce in murza makulli. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi kamar za ta yi wasiyya, sai a karo na shida ta tashi. Wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gidan har kajin maigadi suka watse. Baba ya ce baƙin mai take ƙonawa, ko ringi ko robobin bawul. Ya kwance filogi shida ya auna matsin kowace silinda, biyu suka zo a galabaice. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna min cikinsa kamar kunun gyaɗa, wato ruwa ya haɗu da mai.

Ni dai har lokacin ina cewa a raina ai inji ana gyarawa. Sai ya ɗage kafet ɗin gefen fasinja, na leƙa, na hango ƙasar Filato da idona. Ya ce irin wannan ƙirar ta ƙasan gilashin gaba take fara tsatsa, ruwan sama ya riƙa tsiyaya ciki, ga damina irin ta Jos. Lambar jikin motar kuwa da 107 ta fara kamar yadda ya kamata, amma ta takardar kwastan da 123 ta fara, lambar Marsandi mai ƙofa huɗu. Takardun wata motar aka aura mata.

Daga nan ya zaro mayen ƙarfe na tsohuwar sifikar rediyo, ya naɗe shi a ƙyalle. Ya ɗora a ƙofa, ya kama. Ya wuce kai tsaye bayan tayar hagu ya ɗora, ya faɗo ƙasa tim. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake faɗowa. Fila ce zalla, wato ƙullin da ake cike lotsewar mota da shi wanda mayen ƙarfe ba ya kamawa, an bi ta da jan fenti.

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san daidai inda za ka sa?"

Ya ce, "A garejina aka shafa mata. Lokacin fara ce, ta faɗa rami a hanyar Bukuru."

"Baturen fa?"

"Wane Bature? Ta wani mai sayar da dankali ce."

Da zai sauka ya bar min mayen ƙarfen kyauta. Na iso gida uwargida na shara a ƙofa, na ce bari in nuna mata ilimin da na samo. Na ɗora shi a ƙofar Golf ɗina, wadda dillalin nan dai ya sayar min shekara uku da suka wuce. Ita ta sunkuya ta ɗauko min shi daga ƙasa.