Sa'o'in da siyasa ta ƙara tsakanin Landan da Tokyo

Tsakanin Landan da Tokyo akwai kimanin kilomita 9,600 idan aka bi hanya mafi gajarta, wadda ta ratsa arewacin Turai da Sibiriya, kuma har zuwa farkon shekarar 2022 jirgin fasinja yakan ci wannan tazara cikin kimanin sa'o'i 12. Yau tafiyar takan kai sa'o'i 14, domin bayan ɓarkewar yaƙin Yukren Birtaniya ta hana jiragen Rasha shiga samaniyarta, Rasha ta rama, kamfanonin Japan su ma suka daina bi ta can.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hanyar da jiragen suke bi yanzu. Akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a tsayin da jirage ke tashi, kuma matuƙi ya fi son ta tura shi ta baya. Saboda haka jirgin da ya bar Landan yakan gangara kudu ta Turkiyya da Kazakistan da Sin, shi kuwa wanda ya taso daga Tokyo sau da yawa yakan nufi Alaska, ya ƙetare yankin ƙanƙara na arewacin duniya da Girinlan kafin ya sauko Ingila. Wato wanda ya je ya dawo ya kusa zagaye duniya kenan.

Sa'o'i biyu ƙanana ne a takarda, amma a tambayi dattijon da ya zauna a kujerar tsakiya har ƙafafunsa suka kumbura, takalminsa ya ƙi shiga, yana duban ɗan allon da ke gabansa yana ganin jirgin har yanzu bai bar kan ƙanƙara ba. Kamfani ma yana ɗora ƙarin mai, yana rage kayan da zai ɗauka, kuma a ƙarshe kuɗin tikiti ne yake biyan duk wannan.

Ban ga laifin wanda ya kauce wa fagen daga ba, musamman bayan harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukren a 2014, inda mutane 298 suka rasu. Sai dai Sibiriya tana da nisan dubban kilomita daga fagen yaƙin, kuma ramuwar gayya ce ta rufe ta. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta tsara zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashe, ta ba kowace ƙasa cikakken iko kan samaniyarta, ban musa ba, amma a ganina bai dace a mayar da hanyar fasinja makamin takunkumi ba, ko daga wane ɓangare, tunda waɗanda ke shan wahalar ɗalibai ne da 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi. Ga shi kuma jiragen kamfanonin Sin suna ci gaba da ratsa Rasha zuwa Turai a kan gajeriyar hanya, suna janye fasinjojin da takwarorinsu na Turai suka rasa.