Tsawon sukuru ba shi ke riƙe kujerar jirgi ba

Da yawa cikin masu jiragen ruwa a bakin kogin Isa na ɗauka cewa in sukuru ya yi tsawo, kujera ta kafu ke nan. Sai a shiga kasuwar Katako a sayo baƙaƙen nan na kafintoci a ɗaure. Kuskure ne. Ƙarfensu busasshe ne, karyewa yake yi ba ya lanƙwasa. Ga tsatsa: ko da ruwan Yamai ba na gishiri ba ne, jiƙaƙƙen katako na cin ƙarfe, ramin ya yi baƙi ya buɗe.

Duk lokacin da mutum ya jingina, sama ake fizgar sukurun gaban kujerar, zaren sukuru kuwa ba ya jure wannan cikin katako mai laushi. Abin da ke riƙewa shi ne bulon, wato sukuru mai noti, wanda ya ratsa katakon ya fito ƙasa. A nemi na inoks, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, M6, wato mai kaurin milimita 6, guda 4. A duba alamar da ke kansa: A2 ya isa ga kogi, A4 na ruwan teku ne. A huda rami na milimita 6.5, a sa rondel, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, mai faɗi ta ƙasa don kada noti ya nutse, a ɗaure da noti mai roba a ciki, wanda girgizar inji ba ta kwance shi. Zare biyu ko uku su leƙo bayan notin, ya wadatar.

In jirgin na alminiyom ne, a sa rondel ta roba tsakanin inoks ɗin da alminiyom, a shafa giris a zaren. In ba haka ba, farin gari zai fito kewaye da ramin, alminiyom ɗin ne ke cinyewa.