Ƙannena masu fara bincike, ku rage ƙirga pepa

Da ku nake, ku da kuka gama mastas ko kuke tsakiyar PhD, ko ba a daɗe da ɗaukar ku aikin koyarwa ba kuna ta lissafin saura pepa nawa, wato takardun binciken da ake bugawa a mujalla, a yi muku ƙarin girma. Lissafin ba laifi ba ne, abinci ake nema. Amma wallahi in shi kaɗai kuka sa a gaba, nan da shekara goma za ku waiga ku ga tarin takardu da sunanku a kai alhali ba wanda ya san ku da komai.

Ku fara da maganar "ɗan'uwa don Allah saka sunana". Mutum shida a pepa ɗaya, biyu ne suka shiga lab, sauran kuɗin bugawa kawai suka haɗa, sai a tura wata mujalla da ke karɓar komai cikin sati ɗaya in dai ka biya dala. A da ana yi a wuce. Yanzu an fara tonawa. A shekarar 2023 kaɗai an janye pepa sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin ɗab'i na Hindawi, har kamfanin Wiley da ya saye shi ya daina amfani da sunan. Kuma pepar da aka janye ba ɓacewa take ba, tana nan a intanet da tambarin janyewa da sunanka a jiki, duk wanda zai ba ka tallafi sai ya gani. Kafin ka tura aikinka ko'ina ka duba ko mujallar tana cikin jerin mujallun da aka tantance na Scopus ko AJOL, ka karanta pepa biyu uku da suka buga, da idonka za ka gane.

Sai maganar ChatGPT da 'yan uwansa, tun ƙarshen 2022 da ya fito kowa ya zama gwanin Turanci. Ni ban ce kar ku yi amfani da shi ba, ai wauta ce ma. Mutanen da suka ƙera AlphaFold, manhajar AI mai hasashen siffar furotin, Demis Hassabis da John Jumper, sun samu Nobel na kimiyyar sinadarai a 2024, to wa zai ce maka na'ura ba ta shigo bincike ba. Ka ba ChatGPT ya gyara maka jimla, ya taya ka rubuta kod. Amma yana ƙirƙiro manazarta da babu su a duniya, suna da shekara da shafi tsaf, ka kwafa ka liƙa ranar difens wani farfesa ya ce kawo mu gani. Abin da na'ura ba za ta yi maka ba shi ne zuwa gona ko asibiti ɗebo samfur, da sanin inda alƙaluma suka yi ƙarya. Don haka ku koyi yaren kwamfuta na R ko Python da ilimin ƙididdiga da hannunku, kyauta suke, ku daina biyan wani a bakin get ya yi muku analisis ɗin da ba za ku iya karewa ba.

Kuɗi kuma kun ga yadda ta kaya. Farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, hukumarta ta ba da agaji USAID ta rufe, ayyukan lafiya da na noma da yawa suka tsaya cak da ma'aikatansu. A gida yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci. Wanda ya rataya rayuwarsa a ƙofa ɗaya ya sha wuya. Ku nemi tallafin TETFund a gida, ku nemi na TWAS da DAAD da Commonwealth a waje, a ƙi ku ku gyara ku sake turawa, ƙin karɓa ba zagi ba ne.

Amma abin da na fi so ku riƙe, ku samu matsala ɗaya ta gaske ku zauna a kanta. Ku dubi cibiyar binciken noma ta IAR Samaru, Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa sun yi kusan shekara goma suna gwajin wake mai jure tsutsar nan da ke cinye fure da kwanso, tare da abokan aiki daga waje, kafin a saki irin mai suna SAMPEA 20-T a 2019. Yau in ana maganar wake a Afirka dole a neme su. Katalin Karikó kuwa har rage mata matsayi aka yi a jami'arta a 1995 saboda ta kasa samo tallafi kan mRNA, sinadarin da ke kai saƙon gado cikin ƙwayar halitta, ta ƙi saki, aikin nan ne ya zama rigakafin korona, ta karɓi Nobel a 2023. Ba cewa nake kowa zai kai can ba, yawancinmu ba za mu kai ba, amma mai bin duk abin da ake yayi, bana sauyin yanayi baɗi AI, shi kam ba a ma san me za a kira shi a kai ba. Mu da muke zaune da amosanin jini da cizon sauro da hamada da gubar dalma irin ta Zamfara, ba mu da ƙarancin matsala.

Kuma ku daina jin kunyar rubuta wa manya imel. Ka karanta pepar mutum, ka yi masa tambaya ɗaya takamaimai a layi biyar, ba doguwar gaisuwa da roƙon a kai ka waje ba, da yawansu suna amsawa. Ka buɗe ORCID yau, wato lambar shaidar mai bincike, ka tsayar da rubutun sunanka iri ɗaya, kar yau Muhammad gobe Mohammed jibi Muh'd, aikinka ya watse gida uku.