Samarin Damagaram, wa ya koya muku cin iri?

Shekaranjiya a kasuwar Dole na tarar da wani yaron unguwarmu yana auna hatsi tiya-tiya yana sayarwa. Na ce, kai ɗana, daga ina? Ko kunya babu, ya ce irin da tsohonsa ya ware tun kaka ne, wai gilashin wayarsa ya fashe. Damina saura wata guda!

Wallahi tururuwa ta fi mu hankali. A nahiyar Amurka akwai dangin tururuwa, kala wajen 250, da ke noman wani abu mai kama da naman kaza a ƙarƙashin ƙasa, shi ne abincinsu. Masana sun ce sun fara noman nan kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Ɗaya daga cikinsu, Cyatta abscondita, sai a 2013 aka bayyana ta a Burazil, tsabar wuyar ganin raminta, sunan ma ɓoyayya yake nufi. Tururuwan nan suna cire ciyawar gonarsu, har wasu na ɗauke da ƴan ƙananan halittun da ido ba ya gani a jikinsu masu kashe cutar da ke kama amfanin. Amma abin da ya tsaya mini a rai: ran da sabuwar sarauniya za ta tashi ta kafa gidanta, sai ta guntsi ɗan iri a wani aljihu cikin bakinta, ta yi tafiyarta da shi, ba ta haɗiye ba. Iri a baki fa, ƴan uwana! Ku kuwa yana cikin rumbu, a rufe, kun bi shi kun kwashe.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ci iri ya ci baɗi, ya ci guminsa, ya ci na ƙannensa. Yau iri, gobe tunkiyar Inna, jibi gonar gado a saya babur. Ban ma taɓo masu kwana a fada ana shayi da tiramol ba, wannan zancen wata rana ne.

Ku dai ji tsoron Allah, ku yi wa kanku faɗa. A yunwar 1984 kakana anza ya ci, mai ɗacin nan da sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ga damin iri rataye bisa kansa, bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Ina irin mutanen nan suka tafi?

Jiya na wuce yaron a fada, sabon gilashi na ƙyalli, hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.