Bangaskiyar Kirista a Ƙasar da Babu Majami'a

Ya daɗe yana damuna yadda wasu 'yan'uwanmu mazauna Jidda suke ɗauka cewa Kiristan da ya zo aiki Saudiyya ya jingine addininsa sai ya koma gida. Tunanin yana da dalili, domin babu ginin majami'a a ƙasar, kuma Lahadi ranar aiki ce.

Sai dai a koyarwar Kirista, bangaskiya dogara ce ga Allah ta wurin Yesu Almasihu, wadda ake ganinta a hali da aiki, har wasiƙar Yaƙub 2:17 a Littafi Mai Tsarki ta kira bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya. Masu bi na farko ma a gidaje suke taruwa, kamar ikilisiyar, wato taron masu bi, da wasiƙar Romawa 16:5 ta ambata.

Na san wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da take addu'a a ɗakinta kafin motar asibiti ta iso da asuba, sannan ta wuni tana juya wani tsoho a kan gado, tana goge masa baki cikin haƙuri ko da ya daka mata tsawa. Ita a wurinta, Ubangiji take yi wa wannan hidima.