Nasiha ga matasan Daura kan mai neman kansila da maganar bututun gas

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa, musamman ƙannena da muke zama majalisa ɗaya bayan sallar isha'i.

A makon da ya wuce wani mai neman kujerar kansila ya zo majalisarmu tare da mutanensa. Ya yi maganar kwalbatin da ya rufta, da rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa, da ɗakin shan maganin da ba kowa a cikinsa da dare, kuma duk kun saurare shi da kyau. Amma da ya juya kan shagunan ɗura gas da ke yawaita a tsakiyar gidaje, ya kuma ambaci babban bututun gas da gwamnatin tarayya ke jawowa Arewa, sai na ga hankalinku ya tashi daga kansa, wasu suka koma kan wayoyinsu, wani ma ya ce da ƙarfi cewa wannan zancen mutanen Legas ne. Bayan tafiyarsa tambaya ɗaya ce kawai ta zagaya tabarma, wato nawa ya ajiye. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na neman ku zaɓi wannan bawan Allah, kuma ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne mun bar magana mafi nauyi da aka yi a wannan dare ta wuce ba wanda ya ɗaga ta.

Zancen bututun gas ya riga ya baro Kudu. A ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya ƙaddamar da aikin bututun da ake kira AKK, wanda ya tashi daga Ajaokuta a Jihar Kogi, ya ratsa Abuja da Neja da Kaduna har zuwa Kano, tsawon kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40. Bayan wannan akwai wani tsohon shiri na bututun da zai ƙetare hamadar Sahara, ya bi ta Jamhuriyar Nijar zuwa Aljeriya, inda za a tura gas ɗin zuwa Turai, kuma a watan Yulin 2022 ƙasashen uku sun sa hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna a birnin Aljiyas domin farfaɗo da shi. Ku ɗauki taswira ku duba: Jihar Kano ba ta da iyaka da Nijar, saboda haka duk bututun da zai tashi daga Kano ya nufi arewa sai ya bi ta ƙasar Katsina ko ta Jigawa. Mu da muke ganin aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, yana ratsa gonakinmu ta Kazaure da Daura zuwa Katsina da Jibiya, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba kafin mu gane cewa aikin da ake jin labarinsa a rediyo yakan wayi gari a bakin gonar mutum.

Ni ina cikin masu son gas ya zo. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikinsa, da shi ake samar da wutar lantarki, da shi ake yin takin yuriya da manomanmu ke saye da tsada, kuma kowace tukunyar gas da ta shiga ɗakin girki ta rage wa itatuwanmu sara a wannan yanki da hamada ke matsowa. Iyayenmu mata da hayaƙin itace ya cinye wa idanu da ƙirji sun fi kowa sanin amfaninsa. Sai dai gas abu ne da ba ya yafe sakaci, kuma sakacin da ke kashe mutane yawanci a ƙasa yake faruwa, a unguwa da gona da bakin kasuwa, inda kansila da mai unguwa suke da ido.

Ku tuna abin da ya faru a Abule Ado ta Legas ranar 15 ga Maris, 2020. Bayanin da kamfanin NNPC ya bayar shi ne wata babbar mota ce ta bugi tukwanen gas da aka jibge kusa da hanyar bututu, wutar ta kama, ta rusa gidaje masu yawa da wata makarantar 'yan mata ta kwana, mutum fiye da 20 suka rasu. Wani ne ya bari aka jibge tukwanen a wurin, wani ne ya sayar da filayen da aka gina a jikin hanyar bututu, wasu kuma suka gani suka yi shiru shekara da shekaru. Watanni biyu kafin wannan, ranar 4 ga Janairu, 2020, shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, kuma cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba abin da ya haɗa shi da shagon illa kusanci. Idan kuka ce duk wannan nesa ne, to Majiya a Ƙaramar Hukumar Taura ta Jigawa maƙwabta ce. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, aka binne mutum fiye da 150, akasarinsu matasa irinku. Fetur ne ya ƙone a Majiya, amma halin da ya tara mutane a wurin shi ne dai halin da zai tara su a jikin bututun da ya tsage. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai ɗan ilimin da nake so kowannenku ya riƙe, domin da shi za ku gane ɗan takarar da ya san abin da yake faɗa. Gas ɗin girki da ke cikin tukunya ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa, ya bi kwata da rami da ƙarƙashin ƙofa, ya yi tafiya har ya tarar da murhun mai ƙosai ko tartsatsin mai walda ko janareton mai cajin waya. Shi ya sa shagon ɗura gas a lungu, tsakanin mai shayi da mai faci, yake da haɗari ko da mai shagon mutumin kirki ne. Warin da muke ji kuma ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa don a gane ya zuba. Shi kuwa gas ɗin da ke bin babban bututu ya fi iska sauƙi, yana tafiya da matsi mai tsanani, kuma sau da yawa ba a sa masa wannan warin, saboda haka hanci ba zai cece ka ba. Alamominsa su ne ƙara kamar huci daga ƙasa, ko ƙura tana tashi daga wuri ɗaya ba iska, ko ruwan da ya kwanta yana ɓulɓula, ko shuka ta bushe a wani yanki alhali ta kewaye da ita kore shar. Wanda ya ga haka ya bar wurin da ƙafa, ya nufi inda iska ke fitowa, kada ya tayar da babur, kada ya ƙyasta ashana, sai ya yi nisa sannan ya kira hukuma.

Ana binne irin wannan bututu a ƙasa, a bar fili hagu da dama wanda ba a gini a kansa, ba a haƙa, ba a dasa manyan itatuwa. A nan ne nake jin tsoron ɗabi'unmu. Mu mutane ne masu haƙar ƙasar gini duk inda muka ga fili ba kowa, har ya zama kududdufi. Masu tifa suna ɗibar yashi a inda ya yi musu sauƙi, damina kuma tana zaizaye abin da aka binne ta fito da shi fili. Muna ƙona sharar gona da rani. Muna da 'yan gwangwan da wasu ɓata-gari cikinsu ba sa barin ƙarfe ya kwana, kuma allon gargaɗin da aka kafa a kan hanyar bututu ƙarfe ne. Sannan garin yana faɗaɗa, gonar da take bayan gari yau ita ce fegi gobe, kuma mai yanka filaye ba ya son ya bar taku ko ɗaya ba a sayar ba.

Wani zai ce ina ruwan kansila da wannan, ai aikin tarayya ne. Gaskiya ne cewa tsarin mulkin 1999 ya sa harkar man fetur da gas a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, kuma dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ba hukumar NMDPRA ikon ba da lasisi da sa ido kan bututu da wuraren sayar da gas. Saboda haka duk ɗan takarar kansilan da ya ce muku zai hana bututu wucewa, ko zai karkato da shi ya kawo unguwarku, ko zai samar wa kowa aiki a kamfanin, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai, kuma ku gaya masa haka cikin ladabi. Amma wannan tsarin mulkin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da shara da tsarin shaguna, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da shaidar mallakar fili a karkara. Kansila yana zama a majalisar da ke yin dokokin ƙaramar hukuma, tana duba kasafin kuɗinta. Yana iya kawo ƙudurin hana haƙar ƙasa a wuraren da aka keɓe, yana iya matsa wa shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa game da shagon da ba shi da lasisi, yana iya neman a ware wa masu sana'ar gas wuri mai sarari, yana iya tsayawa sai an buɗe lungunan da motar kwana-kwana ba ta iya shiga. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, uzurin cewa ba kuɗi ya kamata ya fara raguwa, kuma matasa ne ya dace su riƙa tunatar da wannan hukunci a kowane taro. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma a kowace mazaɓa kansila ne zaɓaɓɓen da za ka iya tarar da shi a masallacin unguwa ko wurin jana'iza ka yi masa magana ba tare da ka cike takarda ba.

Sai maganar diyya, wadda ita ce ta fi raba kan jama'a idan babban aiki ya zo. Dokar ƙasa ta fi ba da ƙarfi ga biyan abin da ke kan fili, wato amfanin gona da itatuwa masu amfani da gine-gine, kuma wanda ba ya nan ranar ƙidaya ko ba shi da mai tsaya masa yakan tashi a tutar babu. Na san wata gwauruwa da aka ƙirga gonar marayunta a wani aiki da sunan wani dangin mijinta, har yau tana zarya. Kansilan da ya san aikinsa zai zauna da dagaci da masu unguwanni tun kafin masu awo su iso, a rubuta gonar kowa da sunan mai ita, a karanta a bainar jama'a, a ajiye kwafi. Wannan aiki ba ya bukatar miliyoyi, yana bukatar mutum mai amana da kuma matasa masu ilimi da za su riƙe masa biro, kuma a majalisarmu kaɗai akwai masu digiri da difloma da suka isa su yi shi.

Ƙannena, na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, kuma ba zan zargi wanda ya karɓi kuɗin shan ruwa alhali bai karya ba. Amma idan abin da ɗan takara ya tarar a wurinmu ke nan kullum, zai koyi cewa ba ya bukatar ya san komai, ya isa ya zo da canji a aljihu, kuma mu ne muka koya masa. Na ji takaici da wasunku suka fara shirin bin motarsa da ihu da fasta, wasu kuma suna shirin yage fastar abokin hamayyarsa, alhali ba ɗayanku da ya tambaye shi shagunan gas nawa ne a mazaɓar nan, nawa ne ke da abin kashe gobara, ko kuma wa za a kira da tsakar dare idan aka ji warin gas a lungu. Ku ma masu sana'ar gas da ke cikinmu, ba gaba ake yi da abincinku ba. Ku ne farkon wanda wuta za ta ci, don haka ku ne ya kamata ku fara neman a tsara sana'ar, ku daina ɗura tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotse, ku daina juye gas daga tukunya zuwa tukunya a cikin rufaffen shago.

Na ji an ce ɗan takarar zai dawo, abokan hamayyarsa ma za su zo. Ina roƙon ku kafin ranar mu zagaya mazaɓar da ƙafa, mu rubuta kowane shagon gas da abin da ke maƙwabtaka da shi, da kowane rami da ake ɗibar ƙasa, da lungunan da mota ba ta shiga, mu kai wa mai unguwa kwafi ɗaya don girmamawa da neman albarkarsa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a sai mu miƙa masa takardar, mu nemi ya faɗi abin da zai yi a kai cikin wata shida na farko, ɗaya daga cikinmu ya rubuta amsarsa da kwanan wata a gaban mutanensa. Ni zan kawo littafin rubutu da biro ranar Asabar bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, kuma za mu fara daga layin masu walda.